Mai Faci da Allurar Likita

Ina kan keken ɗinki ina rage wa maƙwabcina riga babbar 'yarsa ta shigo shagon. Ba ta yi sallama da ƙarfi yadda ta saba ba. Ta tsaya a bakin teburin yanka, ta ɗora hannu a kan almakashi, ta ce, "Baba Tela, bar ɗinkin nan haka."

Na ɗaga ƙafa daga keken. Na ce, "Yaushe?"

Ta ce, "Ɗazun nan. Mama na ba shi ruwa a cokali."

Na yi salati, na yi masa addu'a, ita ma ta amsa. Sai na ga allura tana tsakiyar yadi, gefe ɗaya na rigar ya ɗinku, ɗaya gefen a farke. Na rasa abin da zan yi da hannuna, na murɗa keken na fitar da allurar, na yanke zaren, na ninke rigar na sa a ƙarƙashin tebur. Tana nan har yau.

Kowa a layinmu Mai Faci yake ce masa. Rumfarsa da shagona bango ɗaya ne ya raba su. Ranar da na tare a shagon, a kura na ɗauko keken ɗinki da teburi, tayar kurar ta sace daidai gaban rumfarsa. Ya fito yana goge hannu da tsumma, gajere, mai faɗin kafaɗa, ya dubi keken ya dube ni, ya ce, "Kai ne sabon maƙwabcin? To madalla. Mai huda kaya ya zo kusa da mai toshe huda." Tun daga nan Mai Allura yake kirana idan yana son tsokana, Tela idan maganar ta gaskiya ce. Muna samari a lokacin. Tare muka yi furfura.

Rumfar tasa ba wani abin kallo ba ce. Injin iska ɗaure da sarƙa a jikin ginshiƙi, rabin duro cike da ruwan da ya yi baƙi, tsofaffin tayoyi da masu jira ke zama a kai, da benci ɗaya mai ƙafa uku da bulo a madadin ta huɗu. Amma yana da ƙa'idar aiki da ban taɓa ganin ya karya ba. Ba ya buɗe taya, ko ta keken yara ce, sai ya shimfiɗa tsumma ya jera faci da gam ɗin sholisho da ƙarfen karta a gabansa. Yakan ce wanda ya buɗe taya bai ga abin toshewa ba, ɓarna ya zo yi. Idan kuma ya gama ya ba ta iska, sai ya lakato miyau da yatsa ya shafa a bakin bawul inda iska ke shiga, ya sunkuya yana kallo. In bai yi kumfa ba, ya bugi tayar da tafin hannu ya ce, "Tafi abinki."

Gejin awon iska kuwa a aljihun ƙirji yake ajiye shi, kamar yadda ma'aikacin ofis ke soke biro. Duk rigar da na ɗinka masa sai na yi mata wani siririn aljihu na geji. Matarsa ta ce ko rigar zuwa unguwa ce sai ya duba ko na sa.

Ya sha taba da ƙuruciya, ya sha sosai. Abin da ya raba shi da ita, wata rana 'yar nan tasa tana ƙarama ta ɗauki allin zane a shagona ta soke a baki, ta ɗaga kai tana busa iska irin yadda yake yi. Muka yi ta dariya, shi bai yi ba. Ya jefa kwalin a cikin duron ruwa, bai sake ba. Yarinyar ta girma ta zama malamar firamare, muna kiranta Malama, shi kuma Uwata yake ce mata. Ita kaɗai ce ke iya ɗaga masa murya ya yi shiru.

Tarin ya fara ne kamar na kowa. Ta cikin bango nake jinsa, busasshe, yana zuwa yana tafiya. Na ce ya je a duba shi, ya ce hayaƙin motoci ne da ƙurar titi. Da ya daɗe, Malama ta ja shi ƙaramin asibiti. Aka gwada majina aka ce ba tibi ba ne. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka ga wani duhu a huhun dama, aka tura shi babban asibiti. Ni na raka su, don ya ce ba zai zauna a layi da matarsa da 'yarsa suna yi masa faɗa ba shi da mai taya shi.

Likitar da ta gan shi mace ce, ba ta fi Malama shekaru ba sosai, mai magana a hankali. Ta sa aka shigar da shi cikin wata na'ura mai kama da bakin rami aka sake ɗaukar hoto, ta sa aka ɗebi jininsa. Ta ce, "Baba, akwai abu a huhunka. Zai iya zama ƙari, zai iya zama wani abin. A jinin nan za mu duba wasu alamomi."

Ya ce, "Alamomin me?"

Ta yi mana bayani, ni dai ga yadda na fahimta. Wasu ƙarin suna zubar da wasu sinadarai cikin jini, ana iya auna yawansu. Ba ɗaya ba ne, kowanne da sunansa na haruffan Turanci, ta lissafa mana su ban riƙe ko ɗaya ba. Wani yakan hau a irin ciwon dajin huhu mai saurin yaɗuwa, wani a wani irin dabam. Amma ta ɗaga yatsa ta ce, "Ku ji wannan da kyau. Jikin mai lafiya ma yana yin su kaɗan. Mai shan taba nasa yakan ɗan hau, mai ciwon ƙoda ko hanta ma haka, alhali babu ƙari. Wani kuma ƙarin yana nan zaune amma bai zubar da komai ba. Saboda haka jini shi kaɗai ba ya cewa akwai, ba ya cewa babu. Sai an ciro ɗan yanki daga wurin an duba."

Mai Faci ya ce, "Wato geji ne."

Ta yi murmushi ta ce, "In ka ga dama. Amma geji ne da ba a yanke hukunci da shi."

Rabin farko na maganar ya ɗauka, rabin ƙarshe ya bar mata a kan tebur.

Da muka koma karɓar sakamako, ta ce alamomin duk suna inda ya kamata, babu wanda ya hau. Ya dafa gwiwata ya ce, "Ka ji ko, Mai Allura? Geji ya ce lafiya." Ni ma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Likita ba ta yi murna ba. Ta ce duhun nan yana nan a hoto, kuma tana son a sa allura ta tsakanin haƙarƙari a ciro ɗan yanki.

Ya ce, "A soka min allura a huhu?"

Ta ce, "Siririya ce, kuma za a kashe wurin ba za ka ji zafi sosai ba."

"Huhu ba iska ce a ciki ba?"

"Ita ce."

"In an huda, ba ya sacewa?"

Mutuniyar kirki ce, ba ta yi masa ƙarya ba. Ta ce, "Yakan faru, Baba. Wani lokaci iska takan ɗan fita, huhun ya ɗan kwanta. Yawanci da kansa yake toshewa. In bai toshe ba muna da abin da muke yi."

Ya miƙe ya gyara zaman gejin a aljihu. Ya ce, "'Yata, na gode. Tun kafin a haife ki nake toshe huda. Ban taɓa ganin tiyub ɗin da aka huda ya toshe kansa ba. Jini ya ce lafiya, ni ma na ce lafiya."

A mota Malama ta yi ta magana har muryarta ta dushe. Shi kuwa yana ta kallon tayoyin motocin da ke wucewa.

Daga nan abin ya zama rigimar kullum. Matarsa ta yi kuka, ta yi fushi, ta daina magana, ta dawo ta yi lallashi. Ni ina zagayowa da ɗinkin hannu in zauna a bencin nan mai bulo, in fara. Da ya ga na buɗe baki sai ya ce, "Kai dole ka goyi bayan allura, abincinka ce." In na matsa sai ya tayar da injin iska, ƙara ta cika rumfar, ya nuna kunnensa wai ba ya ji. Makarantu suka yi hutu suka koma, suka sake yin hutu. Tarin ya yi nauyi. Wandonsa ya fara zamewa, ya ƙara huda a bel da ƙusa.

Wata rana da yamma Malama ta biyo daga makaranta ta same mu. Sai ga wata mata ta tsaya da ƙaramar mota, ta ce tayar baya tana yi mata wani iri, a duba. Ya ɗora geji, iska cike. Matar ta ce to shi ke nan, za ta wuce. Ya ce, "A'a, Hajiya, dakata. Geji iskar yanzu yake gaya miki, ba ya gaya miki akwai ƙusa." Ya sa jak, ya ciro tayar, ya tsoma a duro yana juyawa a hankali. Can sai ga 'yan ƙananan kumfa suna tasowa a jere. Ƙusa ce ta shige har kai.

Da matar ta tafi, Malama ta ce, "Baba."

Ya ce, "Na'am, Uwata."

"Geji ya ce lafiya, me ya sa ka tsoma ta a ruwa?"

Na ce a raina yau an kama shi. Ya daɗe yana wanke hannu. Sannan ya ce, "Na ji ki, kuma kin yi gaskiya. Amma taya in na ɓata ta, akwai wata a kasuwa." A ranar na gane ba yarda da gejin ya yi ba. Ɓuya yake yi a bayansa. Tsoro yake ji, irin tsoron wanda ya san ƙarar iska idan tana fita.

Abin da ya karya shi aiki ne. Wata safiya na ji ƙarfe ya faɗi ta bayan bango, sannan shiru. Na fita na same shi zaune a ƙasa, ya jingina da tayar babbar mota da ya kasa tayarwa, yana jan numfashi da baki. Ya yi tari a tsumman hannunsa, na ga jini. Ya ga na gani. Na zauna kusa da shi a ƙasan.

Shi ya fara magana. Ya ce, "Tela, ni ko tayar keke ba na buɗewa sai faci yana gabana. Su kuma za su buɗe mutum, ban ga abin toshewarsu ba. Cewa kawai ta yi suna da abin da suke yi. Wane abu?"

Na ce, "To ka tambaye ta ta nuna maka mana."

Ya dube ni. Ya ce, "Ana yin haka?"

Na ce, "Ban sani ba. In ta ƙi, mu dawo."

Ba ta ƙi ba. Da Malama ta gaya mata abin da yake so, likita ta fita da kanta ta dawo da faranti na ƙarfe, ta shimfiɗa koren ƙyalle a kan tebur ta jera kayan. Ga allurar a cikin leda, doguwa. Ya miƙo min ya ce, "Duba, fanninka ne." Na ce ko kusa ba ta kai allurar ɗinkin buhu kauri ba. Ga wata siririyar roba, ta ce in iska ta fita da yawa ita ake sawa a zuƙe ta har huhun ya miƙe. Ya juya robar, ya matsa ta, ya tambayi inda bawul ɗinta yake, ta nuna masa yadda iska ke fita ba ta komawa.

Ya ce, "Kuma wannan zai kasance a kusa lokacin da ake yi? Ba sai an aika a ɗauko ba?"

Ta ce, "A gefen gadonka zai kasance."

Ya ajiye robar daidai inda ya ɗauke ta. Ya ce, "Da kin nuna min tun farko."

Ta ce, "Da na san abin da kake son gani ke nan, Baba, da na nuna maka."

Aka yi. Iska ta ɗan fita kamar yadda ya yi tsoro, aka kwantar da shi ana dubawa, ta toshe da kanta, ko robar ba a buɗe ba. Da na je washegari ya ce, "Mai Allura, ka ji abin kunya. Tiyub ya yi wa kansa faci."

Sakamakon bai zo da daɗi ba. Ciwon daji ne, kuma sabon hoto ya nuna ya taɓa ƙashin baya. Maganar yi masa tiyata ta wuce. Malama ta tambayi likita a gabanmu, ta ce da an yi tun wancan lokacin fa? Likita ta ce, "Ba zan iya rantse miki ba. Amma da mun fi samun hanyoyi." Shi yana zaune yana jin su, yana murza gejin a hannu.

Ɗan yankin nan shi ya nuna musu irin ciwon da maganin da ya dace da shi. Aka sake ɗibar jini, wannan karon ɗaya daga cikin alamomin ya hau sosai. Likita ta ce, "Yanzu gejinka ya samu aiki. Ba shi ya gano mana ciwon ba, amma zai taimaka mana mu ga ko magani yana ci, tare da hoto." Aka fara ƙara masa ruwan magani. Gashinsa ya zube, abinci ya fita ransa, amma duk lokacin da aka auna sai ya tambaya kafin ya zauna, "Ya sauka?" Ya sauka kuwa, ya ƙara sauka. Ya ce shi ne geji na farko a rayuwarsa da yake murnar ganin ya yi ƙasa.

Ya samu sauƙi har ya dawo rumfa. Ba ya iya aikin ƙarfi, ƙanin matarsa ne ya karɓi wurin, shi kuma yana kan benci yana ba da umarni, yana hana shi buɗe taya kafin ya jera kaya. Na sake jin muryarsa ta cikin bango yana yi wa direbobi tsiya, wai suna tuƙi kamar an aiko su neman ƙusa. A wannan sauƙin ne Malama ta haihu, ya ɗauki jikansa, ya ce yaron ya cika iska daidai, ba a ƙara ba a rage. Ni a wurina lokacin nan kyauta ce, kuma allurar da ya gudu ce ta kawo ta.

Sannan lambar awon jinin ta tsaya, ta fara hawa. Hoto ya tabbatar. Aka canza magani, bai yi ba. Likita ta gaya musu gaskiya kamar yadda ta saba, aka mai da shi gida da tukunyar iska a gefen gado da roba a hanci. Da na shiga na farko ya nuna tukunyar ya ce, "Ka ga duniya. Yau ni ake ba iska." Tukunyar tana da nata gejin, ya sa aka juya ta yadda zai riƙa ganinsa.

Zuwana na ƙarshe da hantsi ne. Matarsa ce ta aiko, ta ce rigunansa duk sun yi masa yawa, yana jin haushin ganin kansa a ciki, in zo in rage masa ɗaya. Na tafi da tef. Ɗakin a share, an buɗe taga, kwalaben magani a jere a kan kujera. Matarsa ta ce, "Ga abokin faɗanka nan," ta fita ta bar mu.

Na taimaka masa ya zauna, na cire masa rigar. Kafaɗun nan da suke ɗaga tayar babbar mota sun zama ƙashi. Na zagaya tef a ƙirjinsa, ban faɗi awon da ƙarfi ba yadda nake yi. Ya ce, "Faɗa mana, ko ka manta karatu?" Na ce na riƙe a ka.

Da hannuna ya zo gefen dama ya kama shi, ya kai yatsana tsakanin haƙarƙarinsa. Ya ce, "Nan ne. Ka gani?"

Na duba. Ɗan tabo ne kamar cizon sauro, sai ka nema.

Ya ce, "Wannan ɗan abin na yi ta gudu, Tela."

Na ce, "Ai ka tsaya daga baya."

"Na tsaya." Ya huta, ya ja iska. "Uwata tana jin haushina?"

Na ce, "Tana ji. Ni ma ina ji."

Ya yi dariya har tari ya kama shi, na riƙe shi sai da ya lafa. Sannan ya ce, "Gwada min shi. Ban taɓa gwadawa ba, hannuna ba ya kaiwa da kyau."

Na gane abin da yake nufi. Na lakato miyau da yatsa na shafa a kan tabon, na sunkuya ina kallo yadda na ga yana yi shekara da shekaru. Idona ya cika, ban ɗago da wuri ba.

Ya ce, "Yana kumfa?"

Na ce, "Ba ya yi."

"To yarinyar nan likita ta iya aiki. Ka gaya mata na ce." Ya koma ya kwanta a hankali, na ja masa mayafi. Na ninke rigar na sa a hammata, na kai bakin ƙofa, ya kira ni.

"Mai Allura."

"Na'am."

"Kada ka rage da yawa. Kuma ka bar min aljihun geji."

Na ce, "Yaushe na taɓa mantawa?"